Yashin Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa sutura aka kai shi bayan Azahar, kuma tun daga wanka har dawowar maza daga maƙabarta ruwan sama bai ɗauke ba. Wanda ya san Jos a watan Agusta ya san irin ruwan da nake nufi, mai sanyi, mara tsawa, mai shiga ƙashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare a gidansa da ke Ali Kazaure. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Mama ba ta yi kuka ba a ranar. Tana zaune a bakin gado, sai maimaitawa take yi, "Yaya ko koko bai sha ba, Yaya ko koko bai sha ba." Umma, matarsa, ta juya fuskarta bango, ba ta amsa gaisuwar kowa. Malaman jami'a sun cika layinmu da motoci, kuma ina wucewa da butoci na ji ɗaya daga cikinsu yana cewa, "Allah ya jiƙan Dokta. Ba don taurin kai ba da tuni Farfesa ne." Wani ɗan unguwa kuma ya rage murya ya ce ai an ce yana hulɗa da mutanen wata ƙasa, Allah dai ya sa bai canza aƙida ba. Mutumin da ya shekara talatin a sahun gaba na masallacin nan, ƙasar kabarinsa ba ta ko kwanta ba, ana wannan maganar. Wallahi kaɗan ya rage ban ajiye butocin na amsa masa ba.

Wanda ya fi karya mini zuciya shi ne Baba na Tudun Wada, dattijon Birom, Kirista, tsohon leburan haƙar kuza, wanda ya yi wa Kawu jagora shekara da shekaru. Ya zo a jiƙe sharkaf, ya cire hularsa a ƙofar zaure, ya ce, "Ni da wannan mutum, babu rami a Filato da ba mu shiga ba. Yau ya shiga wanda ba zan iya bi shi ba." Ya zauna a dandamali ya yi ta kuka, ba wanda ya iya ba shi haƙuri.

Jami'a ta fitar da sanarwa layi huɗu: shekarun aikinsa, sashensa, yawan iyalinsa, addu'a. Ba a ambaci yashi ba. To ni saboda yashin na zauna rubuta wannan, don akwai mutane a garin nan da suka ba Kawu yashin gidajensu, ya yi musu alkawarin zai gaya musu ko yana cutar da su, kuma har ya koma ga Allah ba su ji amsa ba.

Kakanmu haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, a cikinta kuma ya ƙare. Ɗansa Kawu ya tashi ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai, ya zama malami a jami'a. Abin da ya ɗauke masa hankali duk rayuwarsa shi ne tulin yashin da kamfanonin haƙa suka bari bayan sun tace kuzarsu sun tafi. Yashi ne mai laushi, mai nauyi, kuma ba mai shi. Magina na ɗiba su yi shafe, mata na ɗiba su soya gyaɗa, saboda yana riƙe zafi fiye da na kogi. Kawu ya ce a cikinsa akwai ƙwayoyin da ke fitar da wani irin tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, irin wanda likitoci ke dangantawa da ciwon daji idan ya yi yawa. In ka tambaye shi ko namu ya yi yawa, amsarsa ɗaya ce: "A auna tukuna."

Wannan kalma tasa ta shiga komai. Umma ta ce miya ta yi gishiri, a auna tukuna. An ce liman ya tsawaita huɗuba, a auna tukuna. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, da ya tafi na tambayi Kawu yaya ya gan shi, ya kurɓi shayi ya ce, "Uwata, a auna tukuna." A bayan tsohuwar motarsa kullum akwai mudu irin na masu awon hatsi, da shebur ƙarami, da damin 'yan jakunkunan atamfa da Umma ke ɗinka masa daga ragowar yadi. Kowane wuri mudu ɗaya yake ɗiba, ba ƙari ba ragi. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, wai Dokta mai awo.

Na'urar da ke auna abin da kyau ba mu da ita a nan. Wadda ake da ita a wata jami'a ta ƙasar nan ta fi daɗewa a lalace fiye da a aiki. Amma Kawu yana da amini, malamin jami'a irinsa, a wata ƙasa ta gabas mai duwatsu da sanyi. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don har yanzu ina cin abinci a ofishin da nake ci. Shi ma Kawu "can" kawai yake cewa, aminin kuma "ɗan'uwana na can". A wani taro suka haɗu suna samari. Mutumin ya taɓa zuwa Jos sau ɗaya, ya kwana a ɗakin zaurenmu, ya ci masar Umma har ya nemi ƙari, ya bar mana zabibi da busasshen shayi. Shi ke da na'urar. Sau uku Kawu ya je can da yashin bakin kududdufan haƙa na wajen Bukur da Kuru a cikin akwatinsa, 'yan kwastan suna buɗewa suna kallonsa kamar mai taɓin hankali. Suka auna tare, abin da suka gani kuma bai yi musu daɗi ba.

Sai aka tsananta wa ƙasar takunkumin cinikayya. Mu nan da muka ji a rediyo mun ɗauka zancen man fetur ne da jiragen ruwa da manyan bankuna, ina ruwan malamin jami'a a Jos? Ashe har zaurenmu zai shigo. Da farko kamfanin aika kaya ya ce ya daina karɓar saƙon can. Sai manhajar da suke haɗa lissafinsu a kai ta daina buɗe wa aminin. Aka gayyaci Kawu wani taro a Turai, ya je Abuja neman biza, suka buɗe fasfo suka ga hatimin can har uku, suka miƙo masa abinsa ta taga. Ya dawo ya ce wa Umma, "Sun ga inda na je, ba su tambayi abin da na je yi ba."

A lokacin na fara aiki a ofishin jami'a mai kula da tallafin bincike daga waje, aikin da Kawu da kansa ya yi ta murna da na samu. Wata safiya ogana ya miƙo mini wasiƙa ya ce, "Kawunki ne, gara ke ki kai." Masu ba da tallafin ne suka rubuto. Ba a yarda a yi tafiya can da tallafinsu ba. Ba a yarda kwamfutar da aka saya da shi ta shiga can ba. Ba a yarda a raba bayanan aikin da duk wanda ke ƙarƙashin gwamnatin can ba, jami'ar aminin kuwa ta gwamnati ce. In an saɓa, ba Kawu kaɗai za a yanke wa ba, har sauran malaman da ke cin gajiyar tallafin. Na sami Kawu a ɗakin zaure yana ɗaure bakin jaka. Ya ce tabaraunsa na mota, in karanta masa. Na karanta tun daga gaisuwa har sa hannu. Da na gama ya ce, "Kin iya karatu, Uwata. Ajiye a nan." Daga baya na ga tabaraun a aljihun rigarsa.

Rigimarmu ba a kan wasiƙar ta tashi ba, a kan takardar binciken ta tashi. Sun rubuta sakamakon awon farko su biyu, suka aika wa wata babbar mujalla a waje. Aka dawo da ita ko dubawa ba a yi ba, saboda wurin aikin marubuci na biyu. Wani ya raɗa wa Kawu cewa in ya cire sunan, za ta wuce. Kawu ya ƙi, ya buga ta a wata ƙaramar mujalla ta gida da sunayensu biyu, ya ɗauka da hannunsa ya kai wa waɗanda ke da ikon hana ɗibar yashin, suka ce madalla, amma a kawo wadda duniya ta yarda da ita. Ni kuma raina ya riga ya ɓaci, na je na same shi.

Na ce, "Kawu, suna ne fa. Layi ɗaya. Ka cire, takarda ta fita, a hana ɗibar yashin nan. Shi kansa in ka tambaye shi zai ce ka cire."

Ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce in cire."

"To me ya rage?"

"In aka ce wa ya auna, in ce wa? Ni? Da wace na'ura, da mudu? Ranar da wani ya tono, za a ce duka ƙarya ne, har gaskiyar da ke ciki. Sannan mutum ya ba ni na'urarsa da idonsa da shekarunsa, in goge shi saboda ba a son ƙasarsu yau? Ba zan iya ba, Uwata."

Nan na faɗi maganar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na ce, "Mutane na kwana a ɗakunan nan da jariransu, kai kana nan kana gadin sunan baƙo." Bai ɗaga murya ba. Ya dubi jakar da ke hannunsa ya ce, "Ki gaida Mamanki." Wata huɗu ban taka gidan ba. Shi ya zo, ba ni ba. Na ɗaga kai wata rana na gan shi a kan bencin ofishinmu cikin layi, da fom a hannu ɗaya da ƙullin gyaɗa a ɗayan. Da layi ya zo kansa ya ajiye gyaɗar a teburina ya ce, "Wannan da yashin kogi aka soya ta, ci ba fargaba." Har yau ban san ko ni ce da gaskiya ko shi ba. Na dai san ban ba shi haƙuri da baki ba, ina ta cewa sai an samu lokaci.

Gyaɗar ta Iya ce, tsohuwar da ke suya a bakin layinmu tun kafin a haife ni. Ita ce ta fara ba shi yashin kaskonta. Ya roƙe ta ta daina amfani da na kuza har a auna, ta ce, "Malam, na kogi wa zai ɗauko mini? Ƙafar ce babu." Tun daga ranar, duk farkon wata sai ya tuƙa mota zuwa bakin rafi ya ciko buhu, ya sauke mata a gindin murhu da kansa, da babbar rigarsa da komai. Duk saukewa sai ta ce, "Malam, sakamakon nawa ya fito?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Iya." Fiye da shekara goma suna wannan gaisuwar.

Domin bayan awon farko Kawu ya koma ɗibar yashin cikin gidaje. Shi da Baba suka bi unguwa-unguwa, inda Kawu ba zai shiga shi kaɗai ba Baba ya shige gaba, inda Baba ba zai shiga ba Kawu ya shige gaba. Suka kankaro daga bangon ɗakunan kwana, daga tulin da ke bayan makarantu, daga bakin rijiyoyi, daga kaskon masu suya. Kowane gida mudu ɗaya, jaka ɗaya. Bai taɓa rubuta sunan gida a jikin jaka ba, lamba kawai, sunayen suna cikin wani littafi da ke ƙarƙashin katifarsa. Ya ce in magana ta fita cewa bangon gidan wane yana da cuta, 'yan haya za su gudu, a kuma guji neman aure a gidan, alhali ba a ma auna ba. Ya jera jakunkunan a shagon da ke cikin zaure, daga ƙasa har rufi, ya sa kwaɗo. Wasu gidajen yanzu an rushe su, wasu sun ƙone a rikici, masu wasu sun mutu. Abin da ke shagon nan ba zai sake taruwa ba.

A shekararsa ta ƙarshe hanya ta ɗan buɗe. Wani tsohon ɗalibin aminin ya samu aiki a wata ƙasa ta uku da ba a sa wa takunkumi ba, yana da irin na'urar, ya kuma yarda zai auna bisa tsarin malaminsa. Kawu ya zo neman izinin tafiya da na fitar da kayan. A fom ɗin akwai tambaya: ko akwai ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen da aka sa wa takunkumi a cikin aikin? Na sunkuya na ce, "Kawu, ɗalibin ai ba can yake ba yanzu." Ya ce, "Malaminsa ne ya tsara aikin," ya sa alama a kan "e". Ni na buga hatimin karɓa. Fayil ya tafi kwamiti, kwamiti ya tura wa lauya, lauya ya rubuta wa masu tallafi, su kuma suka ce suna dubawa. Kowa a cikinsu mutumin kirki ne, kowa tsoro yake ji. Wata tara fayil ɗin na yawo. Kawu ya gyara tsohon akwatinsa, ya sa Umma ta wanke masa rigar sanyi. Ran Talatar nan yana ɗaura agogo zai zo ofishinmu ya sake tambaya, ya yanke jiki ya faɗi.

Ga abin da ya faru ranar jana'iza, ina ɗaki tare da mata. Tsakar gida ta zama taɓo, mutane na ta shigowa, ba inda za a shimfiɗa tabarma. Ƙaramin Kawu, ƙaninsu Mama, ɗan kasuwa ne mai zafin nama, ba ya son ganin abu ya tsaya. Ya karɓi makullan mamaci ya buɗe shagon zaure yana neman benci, sai ya ga yashi busasshe jaka-jaka har rufi. Ya ce Alhamdulillahi, ya kira maza. Suka kwance jakunkunan ɗaya bayan ɗaya suka zazzage a tsakar gida, suka baje da shebur ɗin Kawu, suka shimfiɗa tabarmi. Umma na takaba a ɗaki. Baba bai iso ba tukuna. Ba wanda ya san abin da ke hannunsa.

Na fito alwalar La'asar na ga wuri ya yi fes, har na ce Allah ya yi wa wanda ya yi wannan dabara albarka. Sai na kai bakin magudana na ga tulin 'yan jakunkunan atamfa a jiƙe, lambobin da ke jikinsu suna zuba. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Mata suka fito suna ba ni haƙuri, sun ɗauka mutuwar ce ta taso mini. Ƙaramin Kawu ya zo, da na iya yi masa bayani sai ya ce, "Haba 'yata, yashi ne fa. Gobe in sa a kawo miki tifa guda." Ba mugu ba ne. Shekara da shekaru yana shiga zauren nan, bai taɓa tambayar wansa abin da ke bayan kwaɗon ba, mu ma ba mu taɓa gaya masa ba.

Ranar addu'ar uku aminin ya kira wayata. Ya ce ya so ya zo ya tsaya a kan kabarin, amma ko tikiti ba zai iya yanka ba. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce kada in damu da fayil, in dai adana jakunkunan, ɗalibinsa zai jira ko shekara nawa ne. Na gaya masa gaskiya. Na ji numfashinsa a wayar, ya fara magana da yarensu, ba da ni yake ba. Daga nan layin ya yanke, ban kuma san ko shi ya kashe ba.

Iya ba ta samu zuwa ba sai ranar bakwai, saboda ƙafa. Ta dogaro sanda ta shigo, ta zauna a tabarma a tsakar gida, ta yi wa Umma gaisuwa ta taga, ta yi wa Mama. Sannan ta jawo hannuna ta ce, "'Yar nan, ke ce ta ofis ko? Malam ya ce saura kaɗan. Ya bar miki sakamakon nawa? Buhun da ya kawo ya kusa ƙarewa, ina so in san ko in koma wa na da."

Na yi niyyar in ce saura kaɗan, bakina ya ƙi. Na ce, "Iya, ba a auna ba. Yashin naki ma ga shi nan, a kansa kike zaune. An zubar da su duka, sun gauraye."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Sai ta ɗaga gefen tabarmar ta sa hannu. Ta ce, "A'a, nawa ba zai ɓace ba. Nawa baƙi ne, ya sha wuta, yana ƙamshin gyaɗa. Zan gane abina." Ta ajiye sanda ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta shiga tona yashin rabin garin Jos da yatsu, tana ɗiba tana shinshinawa tana zubarwa. Mata suka tsaya suna kallonta. Ba wadda ta iya hana ta, ni ma ban iya ba. Can ta tara ɗan baƙi-baƙi a tafin hannunta, bai fi cikin cokali biyu ba, ta kwance bakin zanenta ta yagi ƙyalle ta ƙulle, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ga shi. Bai kai mudu ba, amma ki ba su haƙuri. A aika wannan."

Na karɓa da hannu biyu. Yana cikin aljihun teburina a ofis, kusa da hatimi. Fayil ɗin Kawu ya dawo bayan sati uku da rasuwarsa, an rubuta a kai cewa an rufe saboda mai nema ya rasu, ni kuma na jera shi a kabad. Farkon watan nan na ciko wa Iya buhu a bakin rafi. Da na sauke ta tambaye ni ko an aika.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa, ka sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki. Ka yafe mini maganar da na faɗa masa, tunda ban nemi yafiyarsa ba yana da rai.